Yadda Ake Kasa Sakamakon Bincike Bisa Lokutan Yini

Sa'ad da aka tura ni gwajin koyarwa a wata makaranta a Uwani, cikin Inugu, sai hedimasta ya ba ni wani aiki. Yana so ya san lokacin da yara suka fi aron littattafai, don ya ajiye malami a laburare daidai wannan lokaci. Duk aron da aka yi kuwa yana rubuce a kwamfuta, cikin wata fihirisa da ake kira Elasticsearch, wadda ta fito a 2010.

Fihirisar nan kamar ta bayan littafi take, watau ka nemi kalma ta nuna maka inda take. Amma lokaci ba ta ajiye shi yadda muke faɗa. Lamba guda take rubutawa, watau ƙidayar ɗan guntun lokaci, kashi ɗaya cikin dubu na sakan, tun daga tsakar daren da 1 ga Janairu 1970 ta kama, bisa agogon Girinwic ta Ingila.

To, kasawa iri biyu ce. In ka ce ta kasa bisa kwanaki, Litinin dabam, Talata dabam. Abin da hedimasta yake so shi ne ƙarfe 10 na Litinin da na Talata da na sauran ranaku su taru wuri ɗaya. Sai a ciro sa'a kaɗai daga kowace lamba, a yi rukuni 24. Masu wannan sana'a bokiti suke kiran kowane rukuni, ni ma na ga sunan ya dace. Ya fi sauƙi a rubuta sa'ar a gurbinta dabam tun ranar da ake shigar da aron, don kada na'ura ta riƙa lissafi duk sa'ad da aka tambaye ta.

Na yi haka, bokitin ƙarfe 9 ya cika. Na kai masa ina murna, ya duba ya ce, "Malam, da ƙarfe tara ai yara suna aji." Kunya ta kama ni. Ashe ban gaya wa na'urar inda muke ba. Agogon Nijeriya yana gaban na Girinwic da sa'a ɗaya, saboda haka aron da aka yi da hutun ƙarfe 10 duk ya koma 9. Da aron dare ne, na ƙarfe 12 da rabi har jiya zai koma.

Wani abokina ya ce me zai hana a kasa da hantsi da azahar da la'asar, yadda muka saba. Ana iyawa, amma na'ura ba ta duban rana, sai ka yanka mata iyaka da kanka. Iyakar kuwa ba ɗaya ba ce ko'ina, gama Sakkwato tana yamma da Inugu, rana takan faɗi mana a nan su can da sauran haske, alhali agogonmu ɗaya. Ni dai na bar wa hedimasta sa'o'insa 24, ya sa malami a laburare daga ƙarfe 10.