Gashin Kansar Maza Sau Biyar: Me Ya Tabbata, Me Ya Zama Jita-jita?

Magidancin Bodinga ko Shagari da aka ce za a yi wa gashin kansa, wato ƙona cutar da haske, hanyar Sakkwato yakan fara lissafawa: kuɗin mota da ɗawainiyar ɗan rakiya, kwana biyar a mako, har wajen mako takwas. Shi ya sa labarin cewa ana iya gama gashin kansar furostet, ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, a zama biyar kacal yakan zo da murna, ya kuma zo da zargi.

Labarin gaskiya ne. Masu cewa ha'inci ne, wai an rage wa majinyaci magani, sun yi kuskure. Yawan zuwa aka rage, aka ƙara ƙarfin hasken kowane zama, domin wannan kansar ta fi jin duka mai ƙarfi lokaci guda. Binciken PACE-B, wanda aka yi a Birtaniya da Ireland da Kanada a kan maza 874, aka buga sakamakonsa a 2024, ya nuna bayan shekara 5 kusan kashi 96 cikin 100 na waɗanda aka yi wa zama biyar cutar ba ta dawo musu ba. Masu doguwar hanya sun samu kusan kashi 95. Tun 2016 binciken CHHiP ya tabbatar zama 20 na yin aikin zama 37.

Batun cewa wanda aka gasa yana ɗauko haske ya shafa wa iyalinsa kuwa, ƙarya ce. Da zarar an kashe na'urar gashin, babu abin da ya rage a jikinsa. Ya rungumi jikokinsa, ya ci tuwo da kowa.

Akwai inda jita-jitar ta taɓa gaskiya, kuma bai dace a ɓoye ba. Zafin fitsari da yawan zagayawa sun fi damun masu zama biyar, musamman a shekaru biyun farko. Raunin mazakuta ma yana iya biyo baya, sai dai wannan haɗari ne da doguwar hanyar da tiyata duk suke ɗauke da shi.

Ba kowa ake yi wa zama biyar ba. An gwada shi ne a kan kansar da ba ta fita daga ƙullin ba, kuma yana buƙatar na'ura mai saita haske daidai da hoton jiki a kowane zama. Abin da ke ci wa likitocin Najeriya tuwo a ƙwarya shi ne maza da yawa ba sa zuwa sai cutar ta kai ƙashi, bayan watanni ana shan sassaƙe.

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yana da sashen gashin kansa da likitocin mafitsara. Namijin da ya haura shekara 45, musamman wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi cutar, ya je ya nemi gwajin jini na PSA tun fitsari bai fara yi masa gardama ba.