Bayan An Fito Daga Ɗakin Tiyata, Wa Ke Bin Sawun Majinyaci?

A shekarun baya an yi wa gwaggota, mai sayar da atamfa a kasuwar Sabon Garin Zariya, tiyatar ciki a wani asibiti. Likita ya fito ya ce aiki ya yi kyau, muka yi hamdala. Mako guda da sallamarta ɗinkin ya soma ruwa, zazzaɓi ya rufe ta, ta shafe wata huɗu ba ta leƙa rumfarta ba. A takardun asibitin kuwa nasara aka rubuta, domin babu wanda ya sake tambayar yadda ta ƙare.

To, a nan gizo ke saƙar. Wani bincike da mujallar Lancet ta wallafa a 2018 ya bi diddigin majinyata 11,422 a asibitoci 247 na ƙasashen Afirka 25, har da Nijeriya. Kusan mutum 1 cikin 5 ya gamu da matsala bayan tiyata, 239 suka rasu, kuma kashi 94 cikin 100 na mamatan sun cika ne bayan ranar aikin. Ashe haɗarin ya fi yawa a ɗakin kwanciya, bayan likita ya ajiye wuƙa.

Saboda haka auna sakamakon tiyata ba aikin likitan fiɗa kaɗai ba ne. Ma'aikaciyar jinya ce ke fara ganin zafin jiki ya hau, mai gashin ƙashi ya san ranar da majinyaci ya taka, mai harhaɗa magunguna ya san ko an kammala shan magani. Majinyacin ma yana da nasa ma'aunin: shin ya koma gona ko kasuwa? Yana iya sallah a tsaye?

Mu a Zariya ba mu da uzuri. Ga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ga asibitin koyarwarta a Shika, inda ake horar da likitoci da ma'aikatan jinya. Ina kira ga malamanmu da su jagoranci samar da rajista guda wadda kowane ɓangare zai riƙa cikewa, a kuma buga wa duk wanda aka sallama waya a rana ta 30. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Da an kira gwaggota, da wataƙila ciwon bai kai haka ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.