Makaranta da Gandun Daji: Renon Malaman Daji Daga Cikin Jama'a

Gabatarwa

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu bayyana yadda za a haɗa makarantunmu da aikin gandun daji, ta yadda yaron karkara zai ɗauke shi sana'a abin dogaro. Farin da aka yi a shekarun 1972 zuwa 1974 ya nuna mana cewa ƙasar da ta rasa itatuwa ba ta daɗewa sai ta rasa mutanenta.

Tushen Matsala

Tun zamanin En'e, talaka bai san malamin daji ba sai a matsayin mai kama masu saran itace da cin su tara. Saboda haka uba ba ya yi wa ɗansa fatan wannan aiki, alhali kuwa wuraren koyonsa suna kusa da mu. Akwai Kwalejin Gandun Daji ta Jos, wadda aka kafa a 1958, da takwararta ta Afaka a Kaduna, dukkansu a ƙarƙashin Cibiyar Binciken Gandun Daji mai hedkwata a Ibadan. Daɗin daɗawa, hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa da Nijeriya ta kafa a 2015 tana aiki a jihohi 11 na bakin hamada, kuma shuka ba ta rayuwa sai da masu lura da ita.

Hanyoyin Gyara

Hanya ta farko ita ce kowace makaranta ta mallaki wurin renon dashe. A nan yaro zai koyi jiƙa ƙwayar bagaruwa a ruwan zafi don ta tsira da wuri, da shukawa a leda tun da bazara, da dasawa idan damina ta kankama. Sai dai a lura, dogon hutu yakan faɗo daidai lokacin dashe, da rani kuma awaki ba su barin ɗanyen tsiro. Wajibi ne a raba wa ɗalibai itatuwan, kowa ya killace nasa da ƙaya.

Hanya ta biyu ita ce a nuna wa yara kuɗin da ke jikin itace: ƙaro daga dakwara, kalwa daga ɗorawa, man kaɗe daga kaɗanya, bagaruwa kuma ga majema. Wanda ya ga riba ba ya bukatar doguwar nasiha.

Hanya ta uku ita ce a shigo da ilmin iyaye cikin aji. Manomi ya san gawo yana kaɗe ganyensa da damina, don haka ba ya tauye gero, sai ma taki da yake ƙara wa gona. A yankin Maraɗi, tun daga 1983, manoma suka rungumi sassaben zamani, wato barin tohon kututture ya girma maimakon a ƙone shi, har gonaki suka sake cika da itatuwa.

Kammalawa

Shawararmu ita ce ƙananan hukumomi su riƙa ɗaukar nauyin ɗaliban da suka nuna hazaƙa zuwa waɗannan kwalejoji, bisa sharaɗin su dawo su yi aiki a gida. Malamin dajin da ya tashi a gari, wanda mai unguwa ya san mahaifinsa, shi ne jama'a za su ji maganarsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka kuma mai tsaronsa.