Alƙalin da ke tsaye a bayan yaron da bai iya cafe ƙwallo ba

Ka taɓa damƙa lafiyar jikinka a hannun yaro ɗan shekara goma wanda jiya-jiya aka ɗaura masa kayan wasa? To, abin da alƙalan wasan besbol suke yi ke nan duk ƙarshen mako a filayen unguwanni da na makarantu a Amurka. Wasunsu ɗan abin da ake ba su bai wuce kuɗin mai da abinci ba, wasu kuwa ko sisi ba sa karɓa. Ko a babbar gasar yara ta duniya ta Little League, wadda ake yi a Wiliyamsfot ta jihar Fensilbaniya tun 1947, alƙalan 'yan sa-kai ne.

Bari in fayyace maka tsayuwar, don in ba ka gan ta a ido ba, ba za ka gane inda gizo ke saƙa ba. Mai jifa yana tsakiyar fili. Mai bugu yana riƙe da kulkinsa a gefen wata farar roba mai kusurwa biyar da ke kwance a ƙasa, ana ce mata faranti, faɗinta inci 17. A bayan farantin mai cafka ne a tsugune da ƙatuwar safar hannu ta fata. A bayan mai cafka kuma sai alƙali, ya ranƙwafa, yana leƙe ta ratar da ke tsakanin mai bugu da mai cafka. Aikinsa shi ne ya faɗi ko ƙwallon ta ratsa ta saman farantin, tsakanin gwiwar mai bugu da wajen ƙirjinsa. In ta ratsa, sitiraik ke nan, uku sun fitar da mai bugu. In ta kauce kuma bai kai mata bugu ba, bol ke nan, huɗu sun ba shi damar wucewa tasha ta farko salin-alin.

Ƙwallon nan fa ba irin ta roba da muke bugawa a layi ba ce. Nauyinta wajen giram 145 ne, taurinta kamar dutse. A wasan yara tazarar jifa mita 14 ce kacal. Duk jifan da mai cafka ya kasa tarewa, jikin wa ka ga zai sauka?

Shi ya sa alƙalin da ya san aikinsa tun kafin a fara yake karantar yaron da ke gabansa. Lokacin da mai jifa ke ɗumama hannu, sai ya zo ya tsaya a baya ya kalli jifa biyu-uku. Ba mai jifan kaɗai yake kallo ba. Yana duba ko mai cafka yana rufe ido in ƙwallo ta taho, ko yana zubewa a gwiwa ya tare wadda ta bugi ƙasa, ko kuwa irin mai zamewa gefe ne ya bar na baya da Allah. Sai ya gaishe shi, ya faɗi sunansa, ya tambayi nasa. Ƙaramin abu ne, amma awa biyu za su yi kusan kafaɗa da kafaɗa, kuma babu wanda zai ji abin da suke faɗa wa juna.

In ya tabbata yaron sabon-shiga ne, jiki da kansa zai fara ba alƙali shawarar banza: ja baya, kau da kai, runtse ido. Nan ne tarkon yake. Kayan kariyarsa, wato garkuwar fuska da sulken ƙirji da na ƙwauri, duk don gaba aka yi su. Da ya juya, ya miƙa wa ƙwallo kunne da gefen wuya da haƙarƙari, inda babu komai. Sannan idon da ke motsi ba ya auna jifa daidai. Don haka abin da ake koya musu shi ne ka kafe kanka wuri ɗaya, ka fuskanci ƙwallon, ka bi ta da ido har ta isa, ka ɗan dakata, sannan ka yi magana. Faɗa da baki ba wuya. Gwada yi bayan ƙwallo ta sauka a damtsenka sau uku, ka gani.

Amma ciwon jiki ba shi ne babbar matsalar ba. Babbar matsalar ita ce mai cafka marar gwaninta yana ɓata kyakkyawan jifa a idon jama'a. Ƙwallo za ta ratsa farantin tsaf, sai yaron ya kai mata wawura, hannunsa ya tafi da ita ƙasa ko gefe, ko ma ta suɓuce ta gangara baya. Daga benci da wurin 'yan kallo kowa ya ga jifan banza. Alƙali ne kaɗai ya ga inda ta bi. In ya ce sitiraik, kocin masu bugu ya taso. In ya ce bol don a zauna lafiya, ya zalunci mai jifa, wanda shi ma yaro ne, a kan laifin da ba nasa ba. Doka dai inda ƙwallo ta ratsa take kallo, ba inda ta ƙare ba. Akwai alƙalan da ke cewa in mai cafka bai riƙe ba, su ma ba za su bayar ba. A wasan manya wataƙila a fahimce su. A wasan 'yan shekara tara da goma, ni dai a ganina wannan tsoron hayaniya ne kawai aka sa wa riga.

To, alƙali zai gyara wa yaron ne? Nan ma da iyaka. Shi ba koci ba ne, kuma in ya fara koyarwa, ɗaya ɓangaren zai ce ya ɗauki gefe. Abin da ya halatta masa shi ne abin da ya shafi lafiya da gani. In yaron ya matso har kulki zai iya samun hannunsa, zai ce masa a hankali ya ɗan ja baya, don ban da karaya, doka ma tana ba mai bugu tasha ta farko in kulkinsa ya taɓa safar. In yana miƙewa yana tare masa gani, zai raɗa masa cewa abin da bai gani ba, ba zai iya ba shi ba. In abin ya faskara, sai a lokacin canjin fili ya ja koci gefe su yi magana, ba a gaban iyaye ba.

Akwai wata al'ada tasu da ta burge ni, wadda ba a rubuta ta a littafin doka ba. In ƙwallo ta bugi mai cafka ya ji jiki, alƙali sai ya zaro ɗan buroshinsa ya zagayo ya hau share faranti a natse, ko da babu ƙura a kai, don yaron ya samu ya numfasa. In alƙalin ne ya sha, mai cafkan da ya san ya-kamata sai ya taka wurin mai jifa kamar suna da wata magana. Sabon-shiga bai san wannan ba, sai alƙali ya haɗiye zafinsa ya ci gaba.

Yanzu ga oga koci. Dokar besbol ta raba abu biyu: hukuncin ido da fassarar doka. Koci yana da damar ya nemi a dakata, ya zo ya ce an yi kuskure wajen aiki da doka. Amma sitiraik da bol hukuncin ido ne, ba a jayayya a kansu. Kocin da ya goge ya san haka, shi ya sa yake bi ta bayan gida. Ba zai yi wa alƙali magana ba, sai ya ɗaga murya ya tambayi mai cafkansa wai ina wannan ta bi. Ka ga ya jefa yaro tsaka mai wuya: in ya ce ta kauce, ya kunyata kocinsa, in ya ce ta shiga, ya ƙaryata mutumin da ke numfashi a ƙeyarsa. Alƙali mai hankali ba ya bari yaron ya ɗauki wannan kaya. Zai cire garkuwar fuska, ya dubi benci, ya nuna ya ji kuma ya isa haka.

Matakan da ake koya musu ba su da yawa. Gunaguni daga nesa a yi kamar ba a ji ba. In ya ci gaba, a nuna an ji. In bai daina ba, gargaɗi a fili, sau ɗaya, ba tare da barazanar da ba za a iya cikawa ba. Daga nan sai kora. A wasannin makarantun sakandare akwai wani mataki a tsakani, a tsare koci a benci har a tashi. Abin da ke kai mutum waje nan take kuwa shi ne ashar, ko maganar ta tashi daga kan hukunci ta koma kan mutum. Ka ce hukuncin bai yi ba, za a iya saurarenka. Ka ce shi alƙalin ne bai yi ba, sai ka kama hanyar mota.

Kar ka ɗauka wannan duk wasan yara ne. A watan Yunin 2019, a garin Lekwud na jihar Kolorado, manya suka kaure da dambe a filin wasan 'yan shekara bakwai, alƙalin kuwa shekararsa 13. A 2022, a jihar Misisifi, wata uwa ta naushi alƙaliyar wasan softbol na 'yan mata 'yan shekara 12 a fuska bayan an tashi. A shekarar ce kuma hukumar wasannin makarantun sakandare ta ƙasar ta ce kimanin alƙalai 50,000 na wasanni daban-daban sun ajiye aiki tun daga kakar 2018 zuwa 2019. Duk wanda ya taɓa riƙe usur a wasan ƙwallon unguwa ya san abin da ke sa mutum ya ce shi kam ya yafe.

A 2023 wata ƙungiyar Little League a garin Detfod na jihar Niyu Jazi ta gaji, bayan wasu alƙalanta 'yan sa-kai sun ajiye aiki saboda zagi. Sai ta kafa doka: duk ɗan kallon da aka kama yana ci wa alƙali mutunci, ba zai sake shiga filin ba har shekara guda, sai in ya yarda ya sa kayan ya yi alƙalancin wasa uku da kansa.