Ƙaramin Karen Gadi: Kula da Shi Kariya ce ga Iyalinka

Idan kana aiki a masana'antun Sharada, Challawa ko Bompai, ka saba ganin ƙananan karnuka ruwa-biyu a bakin ƙofofin kamfanoni. Sau da yawa mai gadi ko ma'aikaci yakan ɗauki kwikwiyo ya kai gida domin gadi. Irin wannan kare ba ya girma sosai, yana da yawan haushi, yana jure zafi, kuma yana saurin sabo da yara. A nan hatsarin yake, domin ƙanƙantarsa kan sa a raina cizonsa.

Ƙwayar cutar haukan kare tana cikin yawunsa ne, kuma ko kwikwiyo yana iya ɗauke da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma yara ne suka fi shiga hatsari. Da zarar alamunta sun bayyana, kamar tsoron ruwa, da wuya a tsira.

Yadda za ka kula da shi:

1. Ka kai shi asibitin dabbobi a yi masa allurar haukan kare yana wata 3, sannan a maimaita duk shekara. Ka adana katinsa.
2. A riƙa ba shi maganin tsutsar ciki, a cire masa kaska.
3. Ka ba shi ruwa mai tsabta da inuwa. Kada ya sha ruwan kwatar kamfanonin jima ko ya ci ragowar fata.
4. Kada ka bar shi yawo da karnukan titi, kuma yara su wanke hannu bayan sun taɓa shi.

Idan ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15. Kada a shafa toka ko wani maganin gargajiya. A garzayo asibiti a ranar, ko da ciwon ƙarami ne. A killace karen kwana 10 ana lura da shi, amma kada a jira kwanakin su cika kafin a zo.

'Yar'uwa mai juna biyu ko mai shayarwa, kada ki ji tsoron allurar. Ciki ko goyo ba sa hana karɓarta.

Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya ƙara mana lafiya.