Gwagwalada: Itatuwa Na Ƙarewa Tun Ba A Gama Sanin Sirrinsu Ba

Duk matafiyin da ya bi hanyar Abuja zuwa Lokoja ba zai rasa ganin buhunan gawayi jere a bakin titi ba, tun daga Gwagwalada har Kwali. Kowane buhu kuwa shaida ne cewa wata kaɗanya ko kirya ta faɗi. Tun da aka kafa dokar yankin babban birnin tarayya a 1976, gine-gine ke ta cin dajin da Gwarawa da Bassa suka daɗe suna samun abinci da magani a cikinsa. Madobiya ma, saboda yawan sararta ana kai wa ƙasar Sin, sai da aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta ƙayyade cinikinsu a 2017.

A wannan gari ne Jami'ar Abuja, wadda aka kafa a 1988, ta soma karatu a 1990, kafin ta faɗaɗa zuwa mazauninta na dindindin a kan hanyar filin jirgin sama. Watau ke nan nauyin sanin tsire-tsiren yankin ya fi rataya a wuyan malamanta da ɗalibanta.

To, wane kayan aiki mai binciken tsiro yake bukata? Na farko shi ne ma'ajiyar busassun tsire-tsire. Akan tsinko reshe da ganyensa da furensa, a danne shi tsakanin takardu har ya bushe, a manna shi a kwali, sa'an nan a rubuta sunansa da wurin da aka samo shi da ranar. In an kare shi daga ƙwari da danshi, yakan fi shekara ɗari. Sauran su ne lambun gwaji, da ɗakin rainon dashe, da madubin ganin ƙananan halittu, da ɗakin sanyi na adana iri, wanda in wutar lantarki ta yanke masa, wahalar shekaru takan tafi a banza.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan aikin 'yan boko ne kawai. Tun a 1916 likita J. M. Dalziel ya wallafa littafin sunayen tsire-tsire da Hausa, kuma har yau masana na duba shi. A cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Idu, daga wani haɗin gargajiya mai masoro da kanumfari da karan dafi aka samo Niprisan, maganin ciwon sikila. Haka kuma masanan Samaru ta Zariya suka fito da waken SAMPEA 20-T a 2019, wanda tsutsar da ke huda kwanson wake ba ta iya masa ɓarna.

Ga shi kuma cibiyar kimiyya ta Sheda na maƙwabtaka da Gwagwalada. Abin da ya rage shi ne hukuma ta wadata jami'o'inmu da kayan aiki da tsayayyar wuta, masana kuma su durƙusa gaban tsofaffin masu magani su rubuta abin da suka sani. Gama in itace ya faɗi, tsohon da ya san amfaninsa ya kwanta dama, ba kuɗin da zai komo da wannan ilmi.