Ƙiba ko rama: yadda ƙin siffar jiki ke lalata cin abincin ƴan mata

A Maradi ko Damagaram, amaryar da ta yi ƴan watanni a ɗakinta ba ta murje ba ta san maganar da ke jiran ta: ko miji ba ya ciyar da ita, ko tana ɓoye wata cuta. Ƙiba a nan alamar wadata ce da kwanciyar hankali tun kaka da kakanni. Zabarmawa na da bikin Hangandi, inda mata ke gasar ƙiba, kuma a wajen Larabawan Azawak, arewacin jihar Tawa, an daɗe ana ɗura wa ƙananan ƴan mata madara da kunun hatsi don su cika kafin aure.

Likitocin ƙwaƙwalwa sun nuna cewa matsalar na somawa ne daga yadda mutum ke ganin jikinsa. Yarinyar da ake yi wa gorin rama kullum sai ta fara ƙin madubi, ta riƙa cusa abinci ba don yunwa ba. Idan hakan bai isa ba, ta nufi masu tallar magani a kasuwa ko tasha.

Nan ne haɗarin ya fi girma. Ƙwayoyin da aka fi saye biyu ne: siproheptadin, maganin ƙaiƙayi da borin jini mai buɗe ciki da sa barci, da deksametazon, wanda wasu ke kira sha-ka-fashe. Na biyun shi ne mugun. Yana tara ruwa da kitse a fuska da ciki da bayan wuya, hannu da ƙafa kuwa su sirance. Abin da ƙawaye ke yaba wa a matsayin murjewa kumburi ne. Shan sa na tsawon lokaci na jawo hawan jini, ciwon suga, raunin ƙashi da karyewar garkuwar jiki.

A Yamai da sauran birane kuma, hotunan TikTok da Instagram sun kawo wani sabon ma'auni: shafaffen ciki da ƙugu mai faɗi, siffar da sau da yawa an gyara ta da waya ne. Masu bin wannan na iya faɗawa cutar anoreksiya, wato ƙin cin abinci saboda tsoron ƙiba, ko bulimiya, a ci da yawa a ɓoye sannan a jawo amai. Yawan aman na cinye haƙora, yana kuma rage sinadarin fotasiyom har bugun zuciya ya rikice. Hukumar lafiya ta duniya OMS ta ƙiyasta mutane miliyan 14 na fama da irin waɗannan cututtuka a 2019, kusan miliyan 3 daga cikinsu yara ne da matasa.

Iyaye na iya lura da alamu: ɓuya lokacin cin abinci, shiga bayi da zarar an ɗauke kwano, ɗaukewar al'ada, ko fuska ta kumbura cikin ƴan makonni. Wadda ta daɗe tana shan deksametazon kada ta daina rana ɗaya, domin jiki ya riga ya rage samar da nasa sinadarin, kuma yankewar kwatsam na iya kisa. Sai ta je CSI mafi kusa a rage mata shi sannu a hankali.